Kada Ka Hau Keken Nan, Abba

Bukoki, Yamai,
Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya kai ka Damagaram lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, ya sa ka fara aikinka a sa'a. Na san za ka yi mamakin wannan takarda. Jiya muna zaune tabarma ɗaya ni da kai, gobe kuma uwarka za ta miƙa maka ambulan a tasha kamar daga wanda ya yi shekaru ba ku haɗu ba. Ni ma da nake rubuta ta mamakin kaina nake yi.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Keken nan da muka aika gaba a babbar mota makon jiya, wanda ke jiranka a gidan kawunka, kada ka hau shi. Ko zagayen tsakar gida kada ka yi da shi, kada kuma ka ara wa kowa. Akwai kuskure a furshinsa, wato ƙarfen nan mai hannu biyu da ke riƙe ƙafar gaba. Ni na yi kuskuren da hannuna, kuma yana iya kashe mutum. Kafaɗar nan da kuka gan ta a rataye, na ce muku yashi ne ya kayar da ni, ba yashi ba ne.

Sau uku ina danna waya in yi maka saƙon murya. Na farko na gaishe ka na kashe. Na biyu na ɓuge da zancen tsatsar da ke cin ƙarfe da damina. Na uku tari kawai na yi. Uwarka tana kallona tana tsintar shinkafa, ta ce tunda bakina ya yi nauyi sai in nemi bik in rubuta, ai ba don ado na yi ajin manya ba. Ga shi na nema. In ka ga zancen yana gaba yana baya ka yi haƙuri, kaina ne a ɗaure tun ranar Asabar.

Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina gare ka. Ka san yadda abin yake a wajenmu. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa ɗaukar ka a gaban mutane ba, ban taɓa yabon ka kana ji ba. Haka aka yi mini, haka na yi maka, ban kuma taɓa tsammanin akwai wani abu a ciki ban da ladabi ba. Yanzu ban sani ba.

Ka tuna ranar da ka shigo rumfar walda da babbar takarda a naɗe? Ka shimfiɗa ta bisa teburin aiki, ka danne kusurwoyinta da sufana. Ka ce tsakanin gidan kawunka da wurin aikin akwai tafiya, rabi gudiro, wato kwalta, rabi yashi, kuma kana so ka riƙa zuwa da keke, amma keken da aka yi don jikinka. Ka ce ka samo ƙafafu biyu masu birkin faifai a kasuwar Katako, saboda birkin roba ba ya kamawa in laka ta shafe bakin ƙafa, kamar yadda ka sha wuya da shi a hanyar Bobiyel. Saura jikin keken, kadar ɗin, shi ne ka zana, shi ne kuma kake so in haɗa maka. Na dubi takardar. Layuka, lambobi, ƙananan kibiyoyi, da rubutun Faransanci sirara a gefe. Shekara talatin ina gyara kekuna ina ɗinke karyayyu, ban taɓa ganin keke kwance a takarda ba. Na gyaɗa kai kamar na gane, na ce, "To, aje nan." Ka ɗan tsaya kamar mai jiran wani abu. Ni kuma na sunkuya ina goge wani noti da ba ya buƙatar guga, har ka fita.

Wannan gyaɗa kan ba ranar na koye shi ba. Lokacin da na zo Yamai daga ƙauye, wajen Malam Garba mai walda aka ajiye ni, Allah ya ji ƙansa. A rumfarsa ba a tambaya. Ka kalli hannunsa, ka yi yadda ya yi. In ka ce don me, sai ya ce ido gare ka ko babu. Wata rana ya ba ni aikin ƙofar wani gida, ya faɗi faɗinta da tsawonta yana tafiya, ban ji da kyau ba, na ce to. Na yini ina yanka ina walda. Da aka kai ƙofar, sai da ta rage wurin da akuya za ta wuce da ɗanta. Na sha dukan da har yau ina tuna shi, amma abin da na ɗauka daga ciki shi ne in ƙara kasa kunne, ban ɗauki cewa in buɗe baki ba. Don haka, Abba, in ka je wurin aikin nan aka faɗa maka abin da ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, ko da kowa zai juyo ya dube ka. Na rubuta wannan kuma ina jin nauyinsa, domin da hanyar Malam Garba na ci da ku na tufatar da ku, ba zan ce ta banza ce ba. Amma ita ce ta sa hannuna a rataye.

Akwai wani abin da ya fi wannan damuna. Kana ɗan shekara goma sha ɗaya, ka kwance birkin keken wani mai kai burodi, ka baje shi a ƙasa. Na zo na tarar da kai, maimakon ka gudu sai ka ɗago kai ka tambaye ni me ya sa birkin gaba ya fi na baya tsayar da keke. Akwai mutane zaune a benci. Ban san amsar ba, har yau da nake rubutun nan ban san ta da kyau ba. Na ranƙwashe ka, na ce yaro da surutun tsiya. Mutanen suka yi dariya, na ji daɗi an bar zancen. Daga ranar ba ka sake tambayata komai a kan ƙarfe ba. Ka koma tambayar littafi da malaman lakkwal na boko, ni kuma ina ta gaya wa uwarka Allah ya ba mu yaro mai natsuwa. In Allah ya ba ka ɗa, ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce masa ba ka sani ba, ku je ku nema tare. Ba ya rage komai. Ina tsammanin ba ya ragewa, ni dai ban taɓa gwadawa ba.

Mu koma kan takardarka. Bayan ka fita na zauna da ita kwana biyu ina juya ta. Wasu abubuwan na gane su, har na yi murmushi ni kaɗai. Ka sauko da bututun sama ƙasa don ka iya hawa da doguwar riga ranar Juma'a. Ka bar fili mai faɗi don taya mai kauri ta yashi. Ka zana mazaunin kaya a haɗe da jiki, ba na ɗaurawa da noti ba, don jakar kayan aikinka. Tsawon ƙafarka ma yana rubuce, sai daga baya na ji uwarka ce ta auna ka da zaren awon ɗinkinta. Da ni ka kawo wa, da ido zan auna ka, in kuma yi maka keken ɗan shekara sha biyar, don a nan idona ya tsaya.

Abubuwa uku ne suka ɗaure mini kai. Hannun furshi na hagu ka sa ya fi na dama kauri. A baya ka sa wani ɗan guntun ƙarfe ya tokare bututu biyu, shi ma a hagu kaɗai. Na ce wannan wane irin keke ne mai son kai, komai hagu? Sai na lura ai faifan birkin a hagu yake, na ce wataƙila dalilin ke nan, na yi yadda ka zana ina gunaguni. Na ukun shi ne tsagar nan ta ƙarshen furshi, inda sandar tsakiyar ƙafa ke shiga a ɗaure ta da noti. Duk keken da na taɓa riƙewa, na Sin, na Indiya, tsohon na Turawa, tsagar ƙasa take kallo. Taka gaba take kallo.

Na duba, na sake dubawa, na juya takardar kai ƙasa ko ni ne na riƙe ta ba daidai ba. A ƙarshe na yanke cewa hannunka ne ya goce. Na ce yaro ya yi ƙoƙari, ya zana abu ɗari ya kuskure ɗaya, ba sai na kira shi na nuna masa ba. Akwai kibiya a wurin da rubutu layi biyu. Ba na karanta Faransanci. Kana gida ɗaya da ni, taku goma ne tsakaninmu, amma in tashi in je in ce wa ɗan farina ya karanta mini, abin ya yi mini girma. Na yanka tsagar tana kallon ƙasa yadda na saba, na goge, na yi fenti shuɗi, na ɗaura ƙafa. Wallahi, Abba, a ranar ji nake na yi maka alheri. Ji nake na rufa maka asiri.

Ga shawara a nan, in shawara ce. In ka ga abin da ka ɗauka kuskure ne a aikin wani, kada ka gyara masa a ɓoye don ka kare masa mutunci. Ka je ka same shi. Mai yiwuwa shi ne ya kuskure, mai yiwuwa kai ne ba ka kai inda ya kai ba. Ni ban taɓa kawo na biyun a raina ba, saboda ni ne uba.

Ranar da na miƙa maka keken ka zagaya shi sau biyu. Ka shafa mazaunin kaya, ka ɗaga shi ka ji nauyinsa. Sannan ka tsuguna gaban ƙafar gaba, ka daɗe. Ka sa yatsa ka taɓa wajen notin. Ina tsaye bayanka ina jira, ban san ko yabo nake jira ko me ba. Ka miƙe ka ce, "Allah shi saka da alheri, Baba." Ka hau a hankali har ƙarshen layi ka dawo, na kuma lura da ƙafa ka tsayar da shi, ba ka taɓa birki ba. Na ce a raina tausayin sabon abu ne. Washegari kai da kanka ka naɗe shi da kwali da buhu, aka kai tasha.

A cikin kwana ɗayan nan da ya yi a ƙofar rumfa ne Mushe Idi ya gan shi, Mushe ɗin nan na Faransanci da ake kiran malamai da shi. Ka san shi, malamin lakkwal ɗin nan Bazabarme da ke wucewa ta gabanmu kullum da tsohon kekensa mai kuka. Ya ce shi ma irinsa yake so, yana da ƙafafun faifai da ƙanensa ya kawo masa. Kaina ya kumbura. Takardarka tana hannuna, ƙarfe ya rage, cikin kwana biyar na haɗa na biyu, da tsagarsa tana kallon ƙasa kamar naka. Ranar Asabar da hantsi na ce bari in gwada shi kafin mai shi ya zo. Na bi gudiro, na yi ta matsa birki ina saki ina jin daɗin yadda yake kamawa, har na kai gangaren da ke sauka bakin kogi. Wata motar haya, faba-faba, ta tsaya cak a gabana don ɗaukar fasinja. Na damƙe birkin gaba da ƙarfi. Ƙafar gaba ta zame daga tsagar hagu, ta karkace ta cije, ni kuma na bi ta saman kan keken. Da na buɗe ido ina kwance, wata mai sayar da lemo tana yi mini sannu, hulata tana can tsakiyar hanya. Notin da na ɗaure da hannuna yana nan a jikin sandar, bai karye ba, bai faɗi ba. Fita kawai ƙafar ta yi.

Ko a nan ban gane ba. Na ce ko notin ne ban matse ba, ko ƙarfen ne mara kyau, ko baki ne. Ranar Litinin Mushe Idi ya zo duba ni a rumfa, ya yi mini kala suru, wato jaje irin na Zabarmawa, ya ga takardar a kan tebur. Shi ba ɗana ba ne, don haka bakina bai yi nauyi ba. Na nuna masa kibiyar na ce ya karanta mini. Ya sa tabarau ya karanta, sannan ya fassara da Hausarsa. Layi na farko ya ce kada a buɗe tsagar ta ƙasa, domin birkin faifai in ya kama yana tura sandar ƙafa ƙasa, sai ta nemi fita. Na ce na biyun fa? Ya ce wannan ba na mai walda ba ne, mai zanen ne ya rubuta wa kansa.

"Mi ya ce?" na tambaye shi.

"Ya ce, a tambayi Baba ko za ya iya yanka ta haka."

Ashe tsayuwar nan da ka yi ranar da ka kawo takardar, ina goge noti, tambayar ce a bakinka. Ka zo da ita a rubuce, ka koma da ita. Ni ina da tawa, kai kana da taka, a kan tsaga ɗaya, muka kwana gida ɗaya har mako uku muna gaisawa da safe.

To ga abin da ya hana ni sukuni, shi ne kuma dalilin takardar nan. Ban sani ba ko ka gani. Noti da wasa, zoben ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, sun rufe wurin, fenti ya sha kansa, mai yiwuwa ba ka lura ba. In haka ne, za ka isa Damagaram ka kwance buhu ka hau da zuciya ɗaya, ranar da wani ya tsaya a gabanka ka damƙe birki. Amma in na tuna tsugunnin nan naka, da yatsanka a kan notin, da ƙafar da ka sa ka tsaya, sai in ce ka gani. In ka gani, to ka yi shiru ne don kada ka kunyata ni, ka yi mini godiya a kan abin da ka san ba daidai ba ne. Wannan ya fi ba ni tsoro. Domin na san halinka. Ba za ka kai aikin ubanka wajen wani mai walda a garin mutane ka ce ya yanke ba. Za ka ce za ka riƙa bi a hankali, za ka riƙa matse notin kowace safiya, za ka yi amfani da birkin baya. Ka yi haka wata ɗaya, wata biyu, sai ranar da ka makara.

Jiya da muke zaune na so in tambaye ka. Ka ce yaya kafaɗa, na ce da sauƙi. Na ce ka haɗa kayanka, ka ce ka haɗa. Uwarka ta shigo da shayi ta dube ni, ta dube ka, ta ajiye ta fita tana girgiza kai. Daga baya ta ce mini ita ba ta taɓa ganin mutum biyu masu son juna da ke wahalar da juna da ladabi kamar mu ba.

Ban san me zan ce maka game da kunyar nan ba. Ba zan ce ka yar da ita ba. Na ga ƴaƴan da ke yi wa iyayensu magana kamar abokan wasansu, ban so ba, ba na kuma so ka zama haka. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa shakkar yana ƙaunata ba. Sai dai shi gero yake nomawa, abin da ya sani shi na sani, babu ranar da na zo masa da takardar da ta fi ƙarfinsa. Kai ka wuce ni a sana'ata, ban kuma san yadda uba ke zama da wannan ba, ba wanda ya nuna mini. Abin da na iya ganewa kaɗan ne. Duk inda rai yake ciki, ka faɗa. Ko ni ne, ko maigidanka na wurin aiki, ko wanda ya haifi maigidan. Ka rusuna, ka sassauta murya, ka zaɓi lokacin da ba kowa, amma ka faɗa.

Yanzu ga umarni, tunda umarnina ba ka taɓa ƙetarewa ba. Ranar da ka isa, kafin ka sha ruwa, ka kwance furshin nan daga jikin keken. Ka sa zarto ka raba shi biyu, don kada wani ya tsince shi ya ɗaura. Ba raini ba ne, ni na sa ka. Na Mushe Idi na riga na yanka shi, na gaya masa gaskiya, ya ce zai jira.

Na yanko sabon ƙarfe na furshi biyu, naka da nasa, hagu mai kauri, dama siriri. Suna nan jingine a rumfa, ban kunna wuta a kansu ba. Kafaɗar za ta warke cikin ƴan makonni, in ji mai ɗori, amma ba ita ta tsayar da ni ba. Na sake shimfiɗa takardarka, na ga tsagar tana kallon gaba, sai dai ba gaba sak ba, ta ɗan sunkuya, akwai kuma lamba a gefenta da ƙaramin zobe a kanta wanda ban san me yake nufi ba. Mushe Idi ya ce zai iya yi mini bayani. Na ce a'a, akwai mai shi.

Abba, ban gane ba. Ban iya wannan ba. In ka huta ka kira ni, kada ka tsaya doguwar gaisuwa, ka fara daga farko ka koya mini, a hankali, yadda ake koya wa wanda bai san komai ba. Ba zan taɓa ƙarfen ba sai na ji daga bakinka.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kiyaye ka a kan gudiro da cikin yashi, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ka gaida kawunka da iyalinsa. Uwarka tana sa maka albarka, ni ma ina sa maka. Ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinka,
Lawali mai walda.